Amsa a kan biyolonsel cikin kwamfuta (murya daga Yamai)

Salamu alaikum ƴan'uwa, ina wuninmu? Ƙanena, na saurari abin da ka turo, da tambayarka: me ya sa biyolonsel (babban gogen Turawa) ɗin da ka shirya a kwamfuta yake fita kamar hon ɗin mota? To, notocinka daidai suke. Bakan goge ne babu.

Ka gane, MIDI ɗin nan, wato tsarin da kwamfuta ke karɓar notocin kiɗa da shi, tun 1983 da aka fito da shi, da maɓallan piyano a ka aka tsara shi: ka danna, ka saki. Mu kuwa masu gogen tsirkiya, bayan noti ya fara ne aikin yake farawa. Saboda haka a dogon noti, ƙarfin danna maɓalli ba ya tsinana maka komai a galibin kayan sautin nan. Buɗe layin CC1, wanda galibi yake sarrafa ƙarfin gogawa, daga 0 zuwa 127 yake, ka zana shi da hannunka. Ya shigo a hankali, ya kumbura a tsakiya, ya lafa, yadda hannun damanka yake yi in baka ya kusa kai tsini. CC11 kuma don ɗan gyaran ƙara. Ni nan nake ɓata dare, wallahi, har shayi ya huce.

Sannan na ji wani wuri ka ja noti ɗaya da ƙarfi har mazuri (gaɓar kiɗa) huɗu. Haba ƙanena! Wane baka ne zai kai? Ɗauko naka, ka goga kiɗan, ko da kame-kame ne irin namu na ƴan koyo. Inda hannunka ya juya, nan za ka yanka. Kuma tsirkiya huɗu ce, Do, Sol, Re, La. Wannan Do na can ƙasa sake take, ba yatsa a kanta, to daga ina rawar muryar da ka sa mata ta fito?

Kada ka jera komai cif a kan layin bugun lokaci. Sautin legato, wato notoci a haɗe ba yankewa, yana ɗan makara, sai ka jawo notocin baya kaɗan su fara da wuri.

Batun kuɗi, MuseScore 4, manhajar rubuta kiɗa, kyauta ne, da sautukansa na Muse Sounds. Sai dai saukewar tana cin intanet, ka bari sai dare.

Af, kuma bar saurare da lasifikar talho. Do ɗin nan wajen hertz 65 take, wato sauti ne mai kauri sosai, talho ba ya fitar da ita. Sa ekutar. Gyara mazuri takwas na farko kawai ka sake turowa mu ji.