Man injin yanka ya ƙone mana girin, taki zai tashe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin kula da ciyawa a wani filin golf a Jos. Injin yankan ciyawa ya yi yoyon man haidirolik a kan girin ɗaya, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin da ake jefa ƙwallo, ya bar dogon layi ja. Ga kuma tabon faɗuwar ƙwallo birjik. Abokan aikina sun ce mu zuba yuriya mu yi ta ban ruwa. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye buhun yuriyar nan tukuna. Taki ba ya tayar da ciyawar da ta mutu, kuma ciyawar girin da ake yankewa a bar milimita 3 zuwa 4 kacal, da hannu ya zarce wajen zuba yuriya sai ta ƙara ƙonewa.

Fara da wuƙa. Yanko ɗan wuri a tsakiyar layin ka duba. In jijiyoyin suna da fari da ƙarfi, ganye kawai zafin man ya ƙone, za ta farfaɗo. In sun yi baƙi sun ruɓe, yashin kuma na warin mai, ba sauran magani sai cirewa, har da yashin da ya sha man, domin ba zai ƙara riƙe ruwa yadda ya kamata ba.

Ƙarfen da kuke huda ramin wasa da shi, mai faɗin milimita 108, shi ne kayan aikinka. Ka cire mataccen wuri da shi, ka ciro mai rai daga gandun renon ciyawa, in babu, daga can bayan girin inda ƙwallo ba ta cika bi ba, ka toshe gurbin da shi. A nan gwaninta take: toshin ya zauna daidai da fuskar girin. In ya ɗaga, gobe injin zai aske shi ƙwal. In ya nutse, ƙwallo za ta riƙa tsalle a kansa. Ka lura da inda ganyen ya kwanta, ka juya toshin ya bi na kewaye. Inda layin ya yi tsawo, yanko shimfiɗa guda ya fi sauri. Sannan a barbaɗa yashi irin wanda aka gina girin da shi, a share ya shiga tsaga. Jar ƙasa ko kashin shanu kuwa, kada ka bari su kusanci wurin. Mako ɗaya zuwa biyu a riƙa yayyafa ruwa da hannu, kaɗan-kaɗan, kada toshin ya bushe.

Kada kuma wani ya aike ka kasuwa sayen iri. In ciyawarku irin Tifgreen ce ko Tifdwarf, waɗanda aka fitar a Tifton ta Amurka a 1956 da 1965, ba a shuka su da ƙwaya, sai dashe. Kiri-kirin daji 'yar uwarsu ce, amma ganyenta kaushi gare shi, zai fito fili kamar facin da bai dace da riga ba.

Lokaci ma yana da ta cewa. Jos na kan tudu, wajen mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu yana sa wannan ciyawa ta ja da baya. In da hunturu ne, ka toshe kawai, kada ka zuba ido ta yaɗu da kanta sai damina ta kankama.

Tabon ƙwallo kuwa aikin 'yan wasa ne da masu ɗaukar musu jaka. Golf ba baƙo ba ne a Jos, tun 1913 ake buga shi a Rayfield, amma a ko'ina za ka ga mai caka ƙarfen gyaran tabo ya ɗago tsakiyar tabon sama, ya tsinke jijiya. Daga gefe ake turo ciyawar zuwa tsakiya, a zagaya, a daddanna da gindin sandar buga ƙwallo cikin rami. Tun 2019 dokar wasan ta ba su damar gyara har sawun takalmi a kan girin, don haka ka nuna musu yadda ake yi.