Littafin da zai sa yaro ya so ilimin ƙasa

Hajiya, kin tambayi irin littafin da zai sa ɗanki mai shekara 8 ya so ilimin ƙasa da duwatsu, tunda na makaranta yana gundurarsa.

Ki nemi mai manyan hotuna da ƴan kalmomi, wanda ke nuna cikin duniya kamar an yanka albasa: ɓawo a sama, dutse mai zafi a ƙarƙashi, sai ƙwayar ƙarfe a tsakiya. In yana da gwaji na gida, kamar a zuba ruwa a tulin yashi a ga yadda zaizayar ƙasa ke cin gona, to kin dace.

Ni dai a ganina, ki riƙa haɗa kowane shafi da abin da ke kusa da shi. Ki ba shi labarin ruwan Wikki a Yankari, mai ɗumi kusan digiri 31, yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ƙurar hunturun da ke tsattsaga masa leɓe kuwa, yawancinta daga Bodele take tasowa, wani busasshen gindin tsohon tafki a Chadi. A Gadufawa ta Nijar ma an haƙo ƙasusuwan dinaso, wato manyan dabbobin zamanin dā da suka ƙare, wannan kam yara suna sonsa ƙwarai.

Ki ba shi gwangwani ya fara tara duwatsu.