Na daina cin mai amma tumbina bai ragu ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, zaman shago nake daga safe har magariba. Na hana a sa min mai a abinci don in rage tumbi, amma har yanzu shiru. Mai ne ke kawo ƙiba ko tuwo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dukansu biyu jiki ke ƙonawa ya samu ƙarfi, sai dai kowanne da aikinsa.

Tuwon masara, shinkafa, gurasa, taliya, fura, duk sitaci ne. Hanji yana mayar da shi sukari ya shiga jini, kuma shi jiki ke fara ɗauka idan yana son ƙarfi cikin gaggawa. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan giram 120 na wannan sukari a rana. Abin da ya rage ana ɓoye kusan giram 100 a hanta, wajen 400 a tsoka. Wannan ajiya ƙarama ce, in ta cika, sauran sai jiki ya juya shi kitse ya jibge a ciki. A nan nake zargin matsalarka take. Mai dakon da ke sauke buhuna a Dawanau kullum yana ƙarar da ajiyar tsokarsa, don haka malmala uku ba ta dame shi ba. Kai da ke kan benci, taka ajiyar a cike take kwana.

Shi kuwa mai, gaskiya ne ya fi nauyi. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa), na mai kalori 9. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120, ka ga yadda ake kwarara shi a kan garau-garau ko ɗanwake ba wasa ba ne. Amma barinsa gaba ɗaya kuskure ne. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki yadda ya kamata sai da maiƙo, manja ma da kansa yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Kuma maiƙo yana jinkirta narkewar abinci, shi ya sa wanda ya ci gaya ba mai kan ji yunwa kafin azahar, sai ya aika yaro ya sayo lemo da biredi. Kwalbar lemo ɗaya ta 50cl na iya ɗaukar sukari kusan giram 50, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum na yini guda. Ita hukumar ba ta ce a bar mai ba, cewa ta yi kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da ake samu daga abinci.

Shawarata, ka ce wa Hajiya ta mayar da man, cokali ɗaya ko biyu, man gyaɗa ya fi man shanu da kitsen nama. A rage malmala, a ƙara wake, zogale da alayyahu. Furar gero kuma a sha ta ba tulin sukari. Ka riƙa taka ƙafa na rabin awa bayan la'asar ko bayan asuba. Tun da tumbi ya riga ya fito, ka je asibiti a auna maka sukarin jini da hawan jini kafin ka canja komai da yawa.