Tambayi likita: shafukan lafiya da na ajiye a Chrome sun ɓace, da sauran tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Saƙonnin satin nan kusan dukkansu salula da ordinatar suka shafa, akwai ma wadda rabinta ta likita ce rabi ta masu gyara, da ita za mu fara don akwai maganin dattijo a ciki.

Tambaya: Likita ina wuni, ni ɗalibi ne a jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai, babanmu na da ciwon suga kuma ni ke kula da shi. Duk abin da na karanta kan abincinsa da maganinsa ina ajiyewa cikin fabori (ma'ajiyar shafuka) na Chrome a ordinatar ɗina, har da shafin da nake duba yawan maganin. Shekaranjiya kuran ya ɗauke ina cikin aiki, da na sake kunnawa babu komi, ko na latsa tauraron ba ya ajiye sabo. Ga shi maganin ya ƙare kuma takardar da likita ya rubuta ta ɓace tuni. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Allah ya yi maka albarka ƙanena da wannan ɗawainiya. Amma maganar Baba ita ce gaba, kar ka jira ordinatar ya gyaru. Ka ɗauki kwalin maganin da ya ƙare ko ledar ƙwayoyin, ka kai Baba inda aka rubuta masa tun farko a auna suga a sake rubuta takarda. Dalili, metformine kaɗai akwai na 500, akwai 850, akwai 1000 mg, kuma shafin intanet bai san ƙodar Baba ba bai san shekarunsa ba. In kuwa irin su glibenclamide ne ko allurar insuline, kuskure kaɗan na iya kayar da suga ƙasa da 0,70 g/l, sai ka ga zufa da karkarwa da yunwa, mutum ya ruɗe yana magana ba kan gado. In haka ta faru kuma yana cikin hayyacinsa a dama suga a ruwa a ba shi nan take, in ya suma kar a ɗura masa komi a baki, asibiti kawai.

Toh yanzu ordinatar. Abu na farko ka daina rufe Chrome kana sake buɗewa, zan faɗa maka dalili a ƙasa. Sau da yawa ba ɓacewa suka yi ba layin da ke nuna su ne ya ɓuya, ka latsa Ctrl da Shift da B tare ya dawo, ko Ctrl da Shift da O ya buɗe maka ma'ajiyar gaba ɗaya. In nan ma wayam, ka duba ɗan da'irar hoton da ke sama ta dama, wataƙila wani ƙanenka ya shiga da kont ɗinsa ko Chrome ya buɗe wani sabon furofil, kowane furofil da nasa fabori. In ka taɓa haɗa Chrome da Gmail ɗinka kuma ka kunna Synchronisation toh ka duba a salularka da wannan kont ɗin, ƙila suna can lafiya lau.

Sai dai yadda ka ce kuran ya ɗauke kuma tauraron ya daina ajiyewa, ni na fi zargin fayil ɗin ne ya lalace. Chrome na tara su duka a fayil guda mai suna Bookmarks, kusa da shi akwai na ajiya Bookmarks.bak, kuma wannan na biyun ana sabunta shi in an sake buɗe Chrome, shi ya sa na ce ka daina buɗewa kar mai kyau ya koma fanko. Ka rufe Chrome gaba ɗaya, a Windows ka rubuta %LOCALAPPDATA%\Google\Chrome\User Data\Default a layin adireshin dosiye, ka fara kwafe fayilolin biyu a kile USB ka ajiye gefe, sannan na farkon ka canza masa suna, na biyun ka cire .bak ɗin ya zama Bookmarks, sai ka buɗe. Ka duba kuma ko ma'ajiyar ordinatar ɗin ta cika maƙil don ita ma tana hana ajiyewa, in akwai ƴan ƙarin manhajojin nan da ake liƙa wa Chrome ka kashe su ɗaya bayan ɗaya ka gani. In duk bai yi ba Ctrl da H zai nuna maka shafukan da ka ziyarta na kusan wata 3 baya, ka tsince su daga nan. Masu Firefox su abin ya fi musu sauƙi, shi da kansa yake ajiye kwafi na kwanakin baya, cikin Marque-pages akwai Importation et sauvegarde sai Restaurer, ka zaɓi ranar da kake so.

Da sun dawo ka fitar da su ta Exporter les favoris ka sa a kile. Ita kuma takardar maganin Baba ka ɗauke ta hoto ka tura wa mutum biyu a gida, sunan magani da yawansa da awon suga duk su shiga karne, wlh ina ganin wahalar da rashin wannan ke jawowa, a kawo dattijo cikin dare a tambayi mi yake sha kowa ya ce ƴar fara ce ƙarama.

Tambaya: Likita ni uwa ce daga Tahoua, na kai salulata wajen mai gyara ya goge komi, akwai shafin da na ajiye mai nuna yawan siron paracetamol na yara shi ma ya tafi. Yarona ɗan shekara 2 jikinsa da zafi tun jiya, cokali nawa zan ba shi?

Amsa: Sannu ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Ba da cokalin shayi ake aunawa ba kuma ba da shekaru ba, da nauyin yaro ne, 15 mg a kowane kilo duk awa 6, kar ya wuce sau 4 a yini da dare. Misali yaro mai kilo 12 zai sha 180 mg a sha ɗaya. Amma siro ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga kwalba zuwa kwalba, don haka ki yi aiki da ma'aunin da ya zo cikin kwalin, ko ki nuna wa mai farmasi ya gwada miki. Aspirine kuwa ba a ba yaro. Abin da ya fi damuna shi ne tun jiya ɗin nan, paracetamol zafi kawai yake saukarwa ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro, ki kai shi CSI (ƙaramin asibitin unguwa) yau ɗin nan a ɗiba jinin yatsa, minti 15 zuwa 20 an sani. Ko da yana karɓar maganin rigakafin damina da ake rabawa gida gida sai an gwada. In ya fara amai da duk abin da ya ci, ko ya ƙi shan komi, ko jijjiga, ko barci mai nauyi da ba ya farkawa sosai, kar ki jira gari ya waye. Shafin naki kuma ki shiga Chrome da Gmail ɗinki na da, in an haɗa su a baya za ki gan shi cikin Favoris sur mobile, in ba a haɗa ba ya tafi ke nan, kuma ba asara ba ce babba.

Tambaya: Ni sakatariya ce a wani ofis a unguwar Plateau, shekarata 43, yini nake gaban ordinatar, da la'asar idona sai yaji da ruwa da ciwon goshi, rubutun salula sai na nesanta shi. Wata ƙawata ta ba ni maganin ɗigawa kuma ina jin daɗinsa, in ci gaba?

Amsa: Hajiya ki duba jikin kwalbar tukuna, in kin ga dexaméthasone ko bétaméthasone ki dakata ki je wajen likitan ido. Suna kwantar da ja da ƙaiƙayi da sauri shi ya sa mutane ke son su, amma in aka daɗe ana ɗigawa suna iya hawar da matsin cikin ido su kawo glokom ko yanar ido, kuma ganin da glokom ya cinye ba ya dawowa. Yajin da kike ji bushewa ce, mai kallon allo ba ya ƙifta ido yadda ya kamata, ga iskar kilim ga ƙurar hunturu ta Yamai. Duk minti 20 ki ɗaga kai ki kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ki kauda kujera daga saitin kilim ko banti, ruwan ɗigawa mai jiƙa ido kawai wanda babu wancan sinadarin ba laifi. Nesanta salula kuwa shekaru ne, daga 40 kusan kowa haka yake farawa, tabarau na karatu ke gyara shi. Ki bari a auna miki a asibiti a duba matsin idon a lokaci guda, ya fi ki saya a bakin kasuwa.

Tambaya: Wuyana ke ciwo har kafaɗa, ina daɗewa kan salula da dare, abokai sun ce in sha tramol.

Amsa: A'a ɗan'uwa, tramol dai a'a, yana kama mutum ya kasa bari kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Diclofénac ma da ake sha kamar gyaɗa yana cin ciki da ƙoda in an daɗe. Ka ɗago salular daidai ido maimakon sunkuyawa, ka daina latsa ta a kwance da matashi biyu ƙarƙashin kai, ka riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi kana juya wuyan a hankali, paracetamol ya isa kwana biyu uku. In ciwon na sauka hannu da mutuwar yatsu ko hannun ya rage ƙarfi, ko ya wuce sati biyu bai sassauta ba, ka zo a duba ka. In kuwa wuyan ya sanƙare ne farat ɗaya tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman lokacin ƙura da zafi, wannan sanƙarau muke tsoro, a tafi asibiti a wannan sa'ar.