Shuka a akwatin kifin mai kemis

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya dawo daga cikin Wudil da yamma, ya jingine mashin ya ce: "Maigida, mai kemis ɗin nan da muka haɗa wa akwatin kifi bara ya ga wani a waya, cike da ciyayi masu rai kamar lambu. Ya ce a mayar masa da nasa haka, amma fa kuɗin hannunsa ba yawa. Na ce gobe zan je in kwashe kifin a bokiti, in zubar da ruwan, in wanke komai tas da omo, in zuba ƙasar gona in dasa. Ko akwai abin da na manta?"

Na ce masa:

Zauna tukuna, ɗana. Kifin ka manta, don in ka yi haka da wuya su ga Juma'a mai zuwa.

Abin da ya fi komai daraja a akwatin nan ba gilashin ba ne, ba kuma kifin ba. Baƙin soson nan ne na cikin filta mai tace ruwan, wanda kake yatsine fuska in ka taɓa shi, da tsakuwar da ta shekara a ƙasa. Kifi a ruwan da yake numfashi yake kashi. Kashin da ragowar abinci su ruɓe su zama amoniya, guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, sun yi gida a soson da jikin tsakuwa, su ke mayar da amoniya naitirait, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da ita naitiret, wadda kifi ke iya jurewa, shuka kuma take ci a matsayin taki. Sabon akwati sai ya yi mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu. Na mai kemis ya shekara yana tara su, kai kuma za ka kashe su cikin rabin awa.

Ni na taɓa yi, shi ya sa. Lokacin ina yaron shago a birni aka aike ni gidan wani alhaji, na wanke akwati har yana ƙyalli, na saɓa soso da sabulu, aka ba ni tukuici ina ta murna. Kwana huɗu aka aiko. Na tarar ruwan ya yi fari-fari kamar tsarin kunu, kifin duk sun taru a sama suna buɗe baki, gefen kansu inda suke numfashi ya yi jawur, biyu sun riga sun juya ciki sama. Maigidana bai zage ni ba. Soson ya ɗauka ya sunsuna, ya ji ƙamshin sabulu, ya miƙo mini. Da tsohuwar zuma ake magani, ranar na gane har da tsohon soso.

Saboda haka ba za mu kwashe kifi ba, ba za mu zubar da ruwa ba. Shukar ce za ta je ta same su a gidansu, kaɗan-kaɗan. Soso in ya toshe, a ɗebo ruwan akwatin a roba a matse shi sau biyu a ciki, a mayar. Shi ke nan wankinsa.

Kafin komai, wane kifi ke ciki? Gofi ne da moli muka sa masa, ƙananan kifin adon nan, ka ci sa'a, ba ruwansu da tonon ƙasa. Da golfish ne da sai in ce ka ba mai kemis haƙuri, don golfish akuyar ruwa ce, ta ci ganye ta tumɓuke saiwa. Karfasa da tarwaɗa kuwa ba a ma maganarsu.

Kuɗin da ya ce ba yawa, a haske za mu kashe su. Ɗan ƙwan nan mai shuɗi da ja da ke kan murfin ado ne, shuka ba ta ƙoshi da shi. Ka nemi ƙwan LED mai farin haske, ka duba kwalinsa ka ga an rubuta 6500K, irin hasken rana ke nan. Akwatin ƙafa biyu ne, santimita 60 tsawo, 30 faɗi, 30 zurfi, lita 54, jarka biyu da 'yan kai. Ƙwai ɗaya mai kyau ya ishe shi. Mai kemis ya haɗa shi da solar da ke riƙe masa firjin magani, don in wutar gari za a jira shukar za ta yi azumin dole. Awa 6 a rana da farko, in ta kama a kai 8. Kuma ka ja masa kunne, na san halinsa, zai so ya bar shi daga safe har ya rufe shago don masu sayen magani su gani. In ya yi haka gansakuka zai noma. Kada kuma ya ce zai ja akwatin bakin taga don hasken kyauta. Ranar watan Afrilu, da zafi ke kai digiri 40, za ta dafa ruwan, alhali kifin nan tsakanin 24 da 28 suke jin daɗi.

Tukunyar gas ɗin da ake hura wa shuka iskar kabon da ita, in ya gan ta a hoton wayar, da ƙasar leda da ake shigowa da ita daga waje, ka ce ya manta da su. Na masu shuka mai wuyar sha'ani ne.

Yanzu shukar. Rabinta Allah ya riga ya dasa mana. Kainuwa, dashen Allah, ga ta nan a kududdufin bayan gari. Ka zaɓi ƙanana uku ko huɗu. Saiwarta na reto a ruwa kamar gemu, tana zuƙe datti fiye da duk abin da za ka saya, 'ya'yan gofi kuma a ciki suke ɓuya kada iyayen su haɗiye su. Aibinta biyu: ba ta son raɓar murfi na ɗiga mata a ka, sai a ɗan ɗaga murfin, sannan tana haihuwa ba kunya. In ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa a rage, in ba haka ba na ƙasa su zauna a duhu. Akwai kuma ciyawar nan marar saiwa mai ganye sirara kamar allura, zobe-zobe a jikin kara, wadda ke maƙale wa masunta a raga, masu sayarwa na ce mata honwot. Jefa ta kawai ake yi, ko a ɗaura mata ɗan dutse. Sai bado. Badon nan da yara ke tonowa, danginsa ne ake sayar wa Turawa da sunan taiga lotas. Ƙaramin kai ɗaya ya isa, kuma duk ganyen da ya miƙe zai hau saman ruwa ka tsinke shi, sai ya riƙa yin ganyensa a ƙasa. Har yaɗon dankali, in ka yanko ka tsoma gindinsa ta bayan murfi, ganyen na waje, cikin 'yan kwanaki zai saki farar saiwa ya kama aiki.

Sai dai na kyauta ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ciyawar kududdufi tana ɗauke da ƙwan dodon koɗi, da matsattsaku, da 'ya'yan mazari masu farautar ƙananan kifi. Ƙananan dodon koɗin nan kuma su ke yaɗa tsargiya, fitsarin jinin da ke damun yaran da ke wanka a ruwan kwance. Don haka ba ka shiga ƙafa ba takalmin roba, ba ka sa hannu tsirara. Kada ka ɗebo daga hanyoyin ruwan noman rani irin na Kura da Kadawa da ke tahowa daga dam ɗin Tiga, inda ake feshin shinkafa da tumatir. Abin da ka ɗebo ka wanke shi, ka jiƙa a ruwan alif, cokalin cin abinci ɗaya a lita 4, ya kwana biyu, ka ɗauraye sosai, sannan ya zauna a baho cikin ruwa mai tsabta a inuwa mai haske har mako biyu. Kullum ka leƙa ka tsince abin da ya fito. Wata ciyawar za ta zubar da ganye, ba komai, za ta tofo.

Abin saye ɗaya nake so, in an shiga birni wurin masu kifin ado: anubiyas. Abin dariya, 'yar ƙasa ce, asalinta rafukan dajin kudancin Najeriya da Kamaru, amma mu sai mun saya da tsada. Ganyenta kauri gare shi, ba ta neman haske da yawa, kuma girmanta na hawainiya ne, ganye ɗaya a wata ka gode Allah. Tana da wani kara kwance kamar citta, daga shi ganye da saiwa ke fita. Ba a binne shi, in ka binne ya ruɓe. Ɗaure shi ake yi da zaren ɗinki a jikin dutse, kafin zaren ya mutu saiwar ta kama. Dutsen kuma ka matsa masa lemon tsami, in ya yi kumfa ajiye shi, farar ƙasa ce a jikinsa, zai ƙara wa ruwa nauyi, ga na burtsatse wani wurin da ma da nasa.

Maganar ƙasa, a nan ka fi ɓata. Ƙasar gona ta sha yuriya da kashin kaji da maganin ciyawa, zuba ta a akwati daidai yake da zuba amoniyar da muke gudu. Kuma ba za mu shimfiɗa ƙasa a ƙarƙashin tsakuwa ba, don sai an rushe komai. Ran Juma'a ka shiga kasuwa ka sayo ƙananan kasake na yumɓu, waɗanda ba a shafa musu fenti ba, guda uku. Ka haƙo ƙasa daga inda ba a noma, ka tankaɗe da rariya, ka jiƙa a bokiti mako guda kana sauya ruwan kana kwashe abin da ya taso. Ka zuba kaurin yatsa biyu a kasko, ka sa saiwar, ka rufe da yashin kogi wankakke shi ma yatsa biyu. Yashin ne murfi, shi ke hana laka tashi. Kan badon kada ya nutse duka, rabinsa a waje. Ka sauke kaskon a hankali da hannu biyu, a karkace, ka ɗan tura tsakuwa ta rufe gindinsa. In ka ga 'yar ƙura ta tashi kamar hayaƙi, filta za ta kwashe. Amfanin kasko, in shuka ta ƙi sai ka ɗaga abinka, ba ka dama ruwa ba.

Dattin da ke cikin tsohuwar tsakuwar ma taki ne. Ka zuƙe na sama-sama da tiyo, ka bar na ƙasa. In mai kemis ya matsa sai an canza tsakuwar nan mai launin alewa, to kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, a bar mako biyu tsakani. Furannin roba ma a riƙa cire ɗaya in an sa mai rai ɗaya.

Abu biyu za ka gaya masa tun yanzu, kada ya kira ka da faɗa. Shukar da aka sayo takan narke a makonnin farko, don yawanci a waje da ruwa ake rainonta, sai ta zubar da tsohon ganye ta yi na ruwa. Ya tsince ruɓaɓɓen, kada ya jefar da gindin. Na biyu, kada ya ce ai yanzu shuka na ba da iska ya kashe injin iska da dare. Da haske take bayarwa, in duhu ya yi ita ma shaƙa take, ga ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai. Kifin da zai mutu da bazara, da asuba yake mutuwa. Canjin ruwa kuma yana nan, kwata duk mako. Ciko kaɗai ba ya yi, don ruwa ne ke tashi da zafi, gishirinsa yana nan yana taruwa.

Gobe ka biya ka gaya masa aikin wata ɗaya da rabi ne, ka karɓi kuɗin ƙwai da na kasake kawai. Takalmin robana na bayan ƙofa, alif kuma ka tambayi uwar ɗakinka a cikin gida, akwai ragowar wanda take sa wa ruwan rijiya. Omon ka mayar mata.