Zan je Yankari ɗaukar hoton tsuntsaye, an ce in nemi inda sheƙa take

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na shekara biyu ina ɗaukar hoton biki da suna, yanzu kuma zuciyata ta karkata ga tsuntsaye. Na tara kuɗi zan je Yankari cikin watan Fabrairu, kwana uku kacal. Gilashin kyamarata mai zuƙowa ne daga milimita 70 zuwa 300, kuma duk tsuntsun da na ɗauka a bayan gari sai ya fito kamar ɗigon tawada, in na zuƙo shi kuma ya dushe. Tsorona kada in kashe kuɗin nan in dawo hannu rabbana. Wani abokin sana'a ya ce in ba ɗan rakiya na goro ya kai ni inda sheƙa take, tunda dole uwa ta dawo, ko kuma in kunna kukan tsuntsu a waya su zo da kansu. Wannan dabarar tana aiki?

Mai karatu daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, in Allah ya yarda ba za ka dawo hannu rabbana ba. Yankari daji ne a jihar Bauchi mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, kuma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 350 a cikinsa. Lokacin da ka zaɓa ma ya yi daidai. A Fabrairu ciyawa ta bushe, ruwa ya janye daga ko'ina sai kogin Gaji da fadamunsa, don haka mai fiffike da mai ƙafa huɗu duk can suke haɗuwa. Ga kuma baƙin tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai, ba su riga sun koma ba.

Gilashinka ya isa. Ka bar farautar ƙananan da ke ƙololuwar bishiya, ka fara da manya: burtu, zalɓe, babba-da-jaka, gaggafa, zabin daji. Dushewar da kake gani yawanci daga girgizar hannu take. Kada saurin ɗauka ya gaza 1/1000 na daƙiƙa ga tsuntsun da ke zaune, mai tashi kuwa 1/2000. Buɗin gilashi f/7.1 ko f/8, don irin naka yakan yi laushi in aka buɗe shi duka a ƙarshen zuƙowarsa, wato 300. ISO kuma, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, ka bar shi ya hau har 1600, hoto mai ɗan tsakuwa ya fi hoton da ya dushe. Ka cika ƙaramin buhu da wake ka ɗora a tagar mota, ka kwantar da kyamara a kai, ka roƙi direba ya kashe inji. Tsuntsu ya fi yarda da mota a kan mutum mai tafiya a ƙasa.

Yanzu ga shawarar abokinka. Tana aiki, kuma abin da ya sa nake jin zafinta ke nan. Ba a mako ban ji ta a bakin wani ba, kuma duk mai faɗarta hujjarsa ɗaya ce: "ai uwa dole ta dawo." Eh, wani lokaci tana dawowa. Tambayar ita ce me za ta tarar in ta dawo.

Ɗauki cilakowa. In lokacin ƙwai ya yi, macen takan shiga kogon bishiya, a liƙe bakin kogon da laka da kashi har sai ya rage 'yar tsaga siririya wadda baki kawai ke iya wucewa. A ciki take zubar da gashin fiffikenta, ba ta iya tashi ko da an buɗe mata. Makonni tana nan kulle, abincinta da na 'ya'yanta duk a bakin namijin yake, yana kawowa fara ɗaya, ƙwaro ɗaya, ta wannan tsagar. Kai kuma ka zo ka kafa kyamara taku biyar daga gindin bishiyar. Za ka ga namijin ya sauka a reshe can gefe, da fara a bakinsa, yana leƙenka, yana matsowa yana ja da baya. Kai a ganinka kwalliya yake yi maka, alhali iyalinsa ne ke jin yunwa a cikin kogo. Awa biyun da ka yi kana jiran "hoto mai kyau" awa biyu ne na azumin dole a kansu.

A watan da za ka je ma akwai wanda ya fi wannan kusa da kai. Tsuntsayen nan kore masu jan maƙogwaro, masu cafke ƙudan zuma a sama, a rani suke ƙyanƙyasa. Sukan haƙa ramuka a gaɓar rafi, da yawa wuri ɗaya, kowane rami ya shiga cikin ƙasa kamar tsawon hannu ko fiye. Na taɓa tarar da wasu masu hoto su uku a bakin wani rafi, sun hau kan gaɓar sun tsaya daidai saman ramukan, wai don su samu kusurwa. Gaɓar rairayi ce. Tana zabtarewa suka yi tsalle suka tsira, suka kakkaɓe wandunansu suka wuce. Na tsaya ina kallon iyayen suna shawagi da ƙwari a baki, suna sauka kan ƙasar da ta rufta suna neman ƙofar da babu ita. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Wasu kuma har reshe suke karyawa, wai ganye ya tare musu sheƙa. Wannan ganyen shi ne inuwar ƙwai, shi ne kuma labulensu. Ranar Bauchi a ƙarshen Fabrairu ba abin wasa ba ce, ƙwan da aka bari a buɗe ba ya daɗewa abin da ke ciki ya mutu. In rana ba ta kashe ba, akwai masu kallonka da ba ka gani. Gogon Yankari ya saba da mutane, yana lura da inda aka tsaya da inda aka nuna da yatsa. Hankaka ma haka, guza kuma yana bin sawu. Kana barin wurin ka bar musu hanya a share.

Kunna kuka a waya ɗan'uwan wannan ne. Namijin da ya ji kukan yana zaton wani namiji ya shigo masa gida, sai ya bar kiwo, ya bar gadin sheƙa, ya fito faɗa da abokin gabar da ba ya nan. Kai sau ɗaya ka yi, amma gobe wani zai zo da sifika ya yi wa tsuntsun nan guda, jibi ma wani. Filasha a idon mujiya da dare ita ma ka bar ta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu koyar da wannan a Facebook da sunan ƙwarewa, suna baje hoton 'yan tsaki baki buɗe ana ta yi musu tafi. Wanda ya san aikin kallo ɗaya zai yi ya gane tsuntsun a firgice yake: wuya a miƙe, gashi a manne da jiki, ido a kan mai hoto. Kuma na goron da za ka ba ɗan rakiya, kana koya masa ne cewa sheƙa haja ce, gobe zai nemo wa wani ko ba a tambaye shi ba. Mu da muka taso da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu ta zo tana karkaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta, bai kamata sai wani ya zo daga waje ya tuna mana ba.

Ka nemi ruwa a maimakon sheƙa. Ka fita tun hantsi bai yi ba, wajen ƙarfe shida da rabi, rana ta kasance a bayanka. Ka samu wuri kusa da mashaya ko busasshen reshen da ka ga ana yawan sauka a kai, ka zauna shiru minti talatin. Masu cin ƙudan zuman nan suna da ɗabi'ar komawa reshe ɗaya bayan kowace cafka, saboda haka ka saita a kan reshen ka jira. Ko a kewayen masaukin Wikki, kafin motar zagaye ta tashi, za ka samu abin ɗauka a bishiyoyin da suka lulluɓe maɓulɓular ruwan ɗumi da ke wurin.

Kada ka sauka daga mota sai ɗan rakiya ya ba ka izini, akwai giwa da ɓauna. Ka guji tufafi baƙi da shuɗi don su ƙudan tsando ke bi, ka sa ruwan ƙasa. Hazo da ƙura na nan, kada ka canza gilashi a fili, ka tafi da ƙyalle da batir na biyu. Maganar kuɗin shiga da kyamara ka tambaye ta tun a ƙofa, ka karɓi rasit. Jakarka kuma kada ka ajiye ta a buɗe a masauki, gogo zai duba ta kafin ka juyo.