Kar ya zauna jarrabawar gwaji da gajiyar jirgi

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ɗanki ya gama sakandare a Kano, takardar zamansa ta dindindin ta fito, zai iso Amurka bayan sallah, kina tambaya ko ya fara da kwalejin shekara biyu, kuma ko sakamakon WAEC ɗinsa zai wadatar. Ta nan na bi, kuma ina ba shi shawarar ya bi. Kuɗinta bai kai na jami'a ba, kiredit 60 ɗin da zai tara (kiredit shi ne ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci) kuma rabin digiri ne, tunda digiri 120 yake. Shiga ba ta da wuya, yawancinsu ba sa korar wanda ya gama sakandare. WAEC kuwa, ku tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai ko suna son wani kamfani irin WES ya auna takardar, kafin ku biya kowa. Inda ake yin asara shi ne makon farko, tun ba a shiga aji ba, wajen jarrabawar gwajin da ke nuna ajin da za a sa ɗalibi.

Kwanana uku da sauka na je yin rajista. Matar da ke kan tebur ta ce in shiga ɗakin can in yi ɗan gwaji, ba ci ba faɗuwa. Na zauna gaban kwamfuta, sanyin na'ura na ratsa ni, idona cike da barci, ga shi rabona da lissafi shekara huɗu. Jarrabawar ACCUPLACER ce, kuma tana bin amsarka: ka kuskure ta sauƙaƙa tambaya, maki ya yi ƙasa. Ni kuwa sauri nake in fita. Aka jefa ni ajin share fage na lissafi, na can ƙasa. Zango biyu ina biyan kuɗi, ina shiga bas da duhun asuba, kuma ko kiredit ɗaya bai shiga lissafin digirina ba. Daga baya na ji ashe da na yi bita, ashe ma ana iya neman a sake. Har yau abin yana min ciwo, domin ba wanda ya ɓoye min, tambaya ce ban san zan yi ba.

Yanzu an samu sauƙi a wasu wurare. Kalifoniya ta yi doka a 2017, AB 705, wadda ta sa kwalejojinta duba makin sakandare maimakon dogaro da gwaji kaɗai. Kwalejojin CUNY na Niyu Yok su ma sun daina tsohon ajin share fage, suna sa ɗalibi a aji mai kiredit tare da ƙarin darasi. Amma yaron da takardarsa ta waje ce, sau da yawa gwajin dai za a tura shi, har da na Turanci. Saboda haka ɗanki ya huta mako biyu, ya yi tambayoyin bita da ke intanet kyauta, ya tambayi sau nawa ake bari a sake. Idan ya samu tallafin Pell, kuɗin karatu na gwamnatin tarayya da ake nema ta hanyar cike fom ɗin FAFSA, ki sani ba ya wuce zango 12 na cikakken karatu a rayuwar mutum, kuma ajin share fage ma yana ci daga ciki.

Sai batun tantance makaranta, wanda mutanenmu ba su cika dubawa ba. Kwalejin da ba ta da shaidar hukumar tantancewa da gwamnatin tarayya ta amince da ita, ɗalibinta ba ya samun tallafin tarayya, jami'o'i kuma suna iya ƙin karɓar kiredit ɗinsa. Ba ƙananan makarantu kaɗai abin ke taɓawa ba. A 2013 hukumar tantancewa ta ACCJC ta yanke shawarar janye shaidar babbar kwalejin birnin San Faransisko. Kotu ta dakatar, sai a 2017 aka sabunta mata, amma kafin nan ɗalibai da yawa sun gudu. Masu zaman kansu masu talla a jirgin ƙasa su na fi tsoro. ITT Tech ta rufe a 2016, ta bar dubban ɗalibai da bashi da kiredit ɗin da makarantu da dama suka ƙi karɓa. Ki sa sunan kwalejin a shafin CHEA, ƙungiyar da ke sa ido kan hukumomin tantancewa, ko na ma'aikatar ilimi ta Amurka ki gani da idonki. In aikin jinya yake so, shi kansa kwas ɗin yana da tasa tantancewar, ki duba ta daban.

Abu ɗaya da na kusa mantawa: kuɗin ɗan jiha, wato rangwamen kuɗin makaranta da ake yi wa mazauna jiha. Jihohi da yawa sai mutum ya shekara a cikinsu ake ba shi rangwamen, bambancin kuma yakan kai ninki biyu. Daga ranar da ya sauka ya fara ajiye duk takardar da ke ɗauke da sunansa da adireshinsa. Ranar rajista kuma ki raka shi, ku nemi mai ba ɗalibai shawara ya rubuta muku kwasa-kwasan da jami'ar da yake hari za ta karɓa. Allah Ya kawo shi lafiya.